Shin Ko Kun San? Lofen Turawa da Rinin Fata

Shin ko kun san cewa lofen katako da ake gani a bakin tsofaffin Turawa ba daga gangar bishiya ake sassaƙa shi ba? Daga wani ƙullutu ne da ke kumbura a ƙarƙashin ƙasa, tsakanin saiwa da gindin wani ɗan itace da masana ke kira Erica arborea. A nan yake ajiye ruwa saboda rani. Ƙullutun na da tauri, ba ya saurin cin wuta, kuma sai ya shekara 30 ko fiye kafin ya isa tonowa. Na gefen Bahar Rum ake sana'ar da shi, wato Italiya, Girka, tsibirin Kosika da Aljeriya, ko da yake itacen na fitowa har a tsaunukan Habasha da na Tibesti a Chadi.

Bayan an tono shi sai a yanka gunduwa-gunduwa, a tafasa na sa'o'i masu yawa don ɗacinsa ya fita, a shanya na watanni. Garin Saint-Claude na Faransa ya yi suna da sassaƙa lofe daga wannan itace tun wajajen 1850.

Shin ko kun san cewa masu gyaran tsohon lofe ba sa neman fentin katako? Rinin fata suke saye, irin na takalma da sirdi. Wanda ya fi yawo a hannunsu shi ne na kamfanin Fiebing's, wanda aka kafa a Milwaukee ta Amurka a 1895. Dalili shi ne a cikin sifirit aka narkar da rinin, don haka yana ratsa itacen ya bushe nan da nan, ba ya barin ɓawo a sama. Wasu ma da sun shafa sai su ƙyasta ashana, sifirit ɗin ya kama da wuta na ƴan daƙiƙoƙi ya mutu, launin ya zauna.

Inda gwaninta take shi ne rini hawa biyu. Mai gyara zai fara goge tsohon launi da sanfefa, ya mulke kan lofen da baƙin rini, sannan ya sake gogewa har baƙin ya kusa ɓacewa. Sassan itacen masu laushi sun riga sun sha baƙin sun riƙe, masu tauri kuwa sun sake shi. Da ya ɗora ja ko ruwan ƙasa a kai, sai zanen da Allah ya yi wa itacen ya bayyana: wani layi-layi a miƙe, wani ɗigo-ɗigo kamar zanen zabuwa. A ganina wannan ne amfanin rinin gaba ɗaya. Wanda ya lafta launi har zanen ya ɓuya ya ɓata itacen da ya shekara 30 yana girma.

Rini kuma yana tona asiri. Idan masana'anta ta cike wani rami da ƙullin toshi, wurin ba ya shan rini kamar itace, sai ya fito fili.

Cikin kwanon da ake zuba taba kuwa ba a bari rini ya taɓa shi. Daga ƙarshe ba a shafa banish, domin zafi kan sa ya yi bororo. Kakin karnoba ake gogawa, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Burazil, kuma ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80.