Abin da ya kwanta a gindin tukunya

A 1978 shugaban Amurka Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba mutane izinin dafa giya a gida, muddin ba ta sayarwa ba ce. Masu wannan aiki kan sha fama da abu uku: yadda ruwan zai washe, yadda zai zauna a kwalba, da yadda za a yi da yistin da ya rage. Ko wanda addininsa ya nisanta shi da giya zai ƙaru da iliminta, domin yistin nan ɗan gidan wanda ke tayar da burodi ne.

Yisti halitta ce mai rai. Yana cin sukarin da ke cikin tsiron hatsi, ya fitar da barasa da iskar kabon. Idan abinci ya ƙare sai ƙwayoyinsa su dunƙule su sauka ƙasa. Sanyi na hanzarta saukar, shi ya sa ake sa tukunyar a firji kwana biyu ko uku. Wasu kan zuba jelatin. A Ingila an daɗe ana amfani da wani sinadari daga jakar iskar cikin kifi, wanda ke kama ƙwayoyin ya ja su ƙasa.

Haɗarin yana wurin ɗuri. Ana ƙara sukari kaɗan, kimanin giram 6 a kowace lita, don yistin da ya saura ya samar da kumfa cikin mako biyu. Wanda ya yi garaje ya rufe kwalba tun yisti bai gama cin sukarin farko ba, iska za ta taru har gilashi ya tarwatse, kuma raunin da yake yi ba na wasa ba ne. Burkutun dawa ba a tsare ta haka. Da kaurinta ake sha tana kan tsima, kwanaki kaɗan ta lalace.

Abin da ya kwanta a gindin tukunya kuwa, a ganina shi ne mafi daraja a aikin duka. Iri ne. Ana kwashe shi a mazubi mai tsabta, a adana a sanyi, a zuba a dahuwa ta gaba, kamar yadda mai nono ke ɗiban kindirmon jiya ta zuba a madarar yau. Sai dai kowane zagaye na iya shigo da baƙi, bakteriya masu tsami da yistin daji, har ɗanɗano ya sauya. Wannan ne ya addabi kamfanonin giya na Turai kafin 1883, lokacin da Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken Carlsberg da ke Kopenhagen, ya ware ƙwaya guda ya raine ta ta zama iri tsantsa. Mai dafawa a gida ba shi da ɗakin bincike irin na Hansen, don haka bayan 'yan zagaye yakan zubar da tsohon ya sayo sabon iri.