Bayan Sallama Daga Kware

Mai taɓin hankali daga Bukkuyum da aka kwantar a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato, yakan dawo gida da ƙullin magani da katin da aka rubuta masa ranar komawa. Da farko ana kiyayewa. Da zarar barci ya daidaita, surutai sun tsaya, ya koma gona, sai dangi su ce, "Ai ya warke." Nan ake jingine maganin.

Magunguna irin su haloperidol da chlorpromazine danne ciwon suke yi, kamar maganin hawan jini. In an daina sha, ciwon ba ya tashi washegari. Yakan ɗauki makonni ko watanni. Wannan ratar ce ke ruɗar mutane. Ranar da ya tashi, babu mai tuna maganin da aka bari, sai a ce iska ce ta dawo.

Ni ban yarda taurin kai ne ba. Maganin kansa yana wahalarwa: wuya ya sandare, hannu ya riƙa rawa, yawu ya yi ta dalala, ga nauyin barci. Magidanci ba zai iya noma a haka ba. Likita na iya rage masa, ko ya haɗa da benzhexol, ko ya mayar da shi kan allurar da ake yi duk bayan 'yan makonni, amma sai ya gan shi. Ganin kuwa yana nufin kuɗin motar mutum biyu, don ba a barin majinyaci ya tafi shi kaɗai, a kan hanyoyin da 'yan bindiga ke tarewa. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba.

Yankin nan ya taɓa ganin wata dabara. A 2010, da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma, ƙungiyar likitoci ta MSF ta riƙa kai magani ƙauyukan tana bibiyar yaran. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta nemi a shigar da wannan kulawa cikin asibitocin da ke kusa da jama'a. Don haka a horar da ma'aikatan jinya a Bukkuyum, Gummi da Anka su riƙa yin allurar, kuma duk wanda ranarsa ta wuce bai zo ba, a buga wa danginsa waya.