Tsaron Famfon Gida a Ƙasashen Ƙanƙara

A ƙasar Kanada da arewacin Amurka, inda Hausawa da dama ke zaune domin karatu ko aiki, gidaje da yawa suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. A wata kusurwa ta ɗakin nan akan yi ɗan rami, inda ruwan da ke tsattsafowa ta gindin gini yake taruwa. Cikin ramin akwai famfo mai aiki da lantarki. In ruwa ya taso sai ya kunna kansa, ya tura shi waje ta bututu. Baƙo yakan shekara a gida bai san da zaman injin nan ba, sai ran da ya tsaya.

Ruwa yana daskarewa in ma'aunin zafi ya sauka zuwa sifiri, kuma in ya zama ƙanƙara girmansa yakan ƙaru da misalin kashi 9 cikin 100. Shi famfon ba safai yakan daskare ba, gama yana cikin ɗumin gida. Bututun da ya fita waje shi ne abin tsoro. In ruwa kaɗan ya kwana a ciki sai ya daskare, gobe wani ya hau kansa, har hanya ta toshe sarai. Famfo kuwa bai san haka ba. Zai yi ta juyi ruwa ba ya fita, har ya ɗauki zafi ya ƙone. Sa'an nan da dusar ƙanƙara ta soma narkewa, ruwa ya cika ramin ya malala cikin ɗaki, ya ɓata kaya da injin ɗumama gida.

Saboda haka tun kafin sanyi ya shigo, wajibi ne maigida ya duba cewa bututun yana gangare tun daga bango har bakinsa, ba inda ya lotsa da ruwa zai kwanta. In an ƙara masa tiyo lokacin zafi, a cire shi, gama tiyo ya fi kome saurin daskarewa. Akwai kuma wani mahaɗi mai tsaga-tsaga da akan sa a waje daidai jikin bango, domin in gaba ta toshe ruwa ya sami mafita.

Amma fa duk wannan ba ya maganin ɗaukewar wuta. Cikin watan Janairu na 1998, ruwan ƙanƙara ya kakkarya turakun lantarki a lardin Kwibek, miliyoyin mutane suka zauna cikin duhu, waɗansu har makonni. Don irin wannan ne ake sa famfo na biyu mai aiki da batir, a ɗaga shi kaɗan bisa na farko.

Har wa yau akwai ƙararrawa, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma mutane sun fi sakaci da ita. Wani ɗan ƙwallo ne ake ratayawa cikin ramin. In ruwa ya wuce iyaka sai ya ɗaga shi, ƙararrawa ta kama kuka. Lalle ta zama mai batir nata na kanta, gama wadda ta dogara ga wutar gida za ta yi shiru tare da famfon. Waɗansu na zamani har saƙo sukan aika ta wayar hannu, abin da zai amfani wanda ya tafi ganin gida.

Gwadawa ba wuya. A zuba bokitin ruwa cikin ramin a ga famfo ya tashi, a fita a ga ruwa yana zuba, sa'an nan a ɗaga ƙwallon da hannu a ji ƙara.