Yadda Na Sake wa Kwamfutata Katin Waifai

'Yan'uwana ɗalibai, tun da na komo daga aikin gwajin koyarwa a Jalingo mutane da dama suka tare ni suna tambaya, wai me na yi wa tsohuwar kwamfutata har ta bar yanke intanet. Na ga gara in ba da amsa a nan gaba ɗaya, gama da yawanmu irinta muke riƙe da ita, watau tokumbo wadda ta ga jiya ta ga yau.

Tawa kawuna ne ya saya mini da kuɗin doyarsa. A makarantar da aka tura ni akwai na'urar rarraba intanet a ofishin malamai. Kwamfutocin sauran malamai suna ganin sunaye biyu na waifai, tawa kuwa ɗaya tak take gani, shi ma da an taru sai ya yi ta ja kamar jaki da kaya. Ga shi malamin da ke duba mu yana jiran shirin darasi kowane mako.

To, ga dalili. Cikin kwamfutar cinya akwai wani ɗan kati, bai kai faɗin kwalin ashana ba, shi ne kunnenta da bakinta wajen waifai. Waifai galibi yana bin hanyoyi biyu, ta gigahaz 2.4 da ta gigahaz 5. Ta farko tana zuwa nesa, tana ratsa bango, amma cunkushe take kamar ƙofar kasuwa. Ta biyu ta fi sauri da sarari, sai dai ba ta da dogon zango. Tsofaffin katuna masu araha, na ƙa'idar nan 802.11n ta 2009, da yawansu hanyar farko kaɗai suka sani. Na ƙa'idar 802.11ac, wadda ta fito a 2013, su ne suka san ta biyun tabbas. In kana so ka san naka, buɗe Device Manager a Windows ka karanta sunansa. Kadan ka ga AC ko AX a ciki, ka bar shi, ba shi ne da laifi ba.

A nan ne na yi wauta. Na tafi kasuwa da gaggawa, na ce a ba ni wanda ya fi kowanne sabunta, aka ba ni. Da na buɗe kwamfuta sai na tarar ramin dabam, katin dabam. Ashe iri biyu ne. Tsofaffin kwamfutoci suna da rami mai faɗi da ake kira Mini PCIe, na baya-bayan nan kuwa M.2, wanda katinsa siriri ne, milimita 22 a faɗi, 30 a tsawo. Har maɓallan eriyarsu ba girmansu ɗaya ba. Mai kanti ba shi da laifi, abin da na roƙa shi ya ba ni. Da ƙyar ya yarda ya musanya mini da Intel 7260 mai irin ramina, na yi ciko da kuɗin abincina na kwana uku.

Saboda haka ka fara buɗe taka ka duba, ka ɗauki hoton katin da wayarka, sa'an nan ka je saye. Har wa yau akwai tarkuna biyu. Waɗansu tsofaffin HP da Lenovo an rubuta musu sunayen katunan da za su karɓa, in ka sa baƙo sai su ƙi tashi sam. Sa'an nan Intel AX200 da AX201 kamar tagwaye suke a ido, amma na biyun ba ya aiki sai da waɗansu injinan Intel kaɗai. Waɗansu sababbin kwamfutoci kuma an like musu katin da dalma, babu zancen sakewa.

Aikin kansa bai fi minti ashirin ba. Ka sauko da manhajar katin, wadda masu gyara ke kira direba, tun kana da intanet, gama bayan ka cire tsohon ba ka da hanya. Ka kashe kwamfuta, ka zare caja da batir. Ka taɓa ƙarfen taga kafin ka sa hannu ciki, balle da hunturu, lokacin da riga ke ƙyasta wuta in an tuɓe ta cikin duhu. Wannan 'yar wutar ta isa ta kashe kati. Ka kwance murfi da ƙaramar sukudireba. Za ka ga wayoyi biyu sirara, galibi baƙa da fara, su ne eriya, sun bi ta bayan gilashi. Ka ɗaga maɓallansu sama tsaye da farce, kada ka ja wayar. Ka kwance ƙusar da ta danne katin, zai ɗago da kansa, ka zare. Sabon kuma a karkace ake cusa shi, a danne, a ɗaure. Mayar da maɓallan nan shi ne ya fi ba ni wuya, sai da na yi gumi, domin in ka matsa a karkace za su lanƙwashe.

Abu ɗaya zan faɗa don kada wani ya zo ya ce na sa shi asara. Sabon kati yana gyara tsakanin kwamfuta da na'urar rarrabawa ne kawai. Kadan daga wayarka kake ba kwamfuta intanet, kuma sabis ya yi rauni a unguwarku, ko katin zinariya ka sa ba abin da zai ƙaru. Ka gwada tukuna: ka ajiye kwamfutar abokinka kusa da taka a kan waifai guda. In tasa ma tana ja, riƙe kuɗinka.

Wanda kuma hannunsa ke rawa, ko kwamfutarsa ta ƙi baƙon kati, akwai ɗan ƙaramin waifai da ake cusawa a ramin USB, ba buɗewa, ba sukudireba. Illarsa ya cinye maka rami ɗaya, kuma yana da saurin karyewa cikin jaka. Sukudirebata tana nan a ɗakinmu, wanda ke bukata ya zo da kwamfutarsa ranar Asabar bayan wanki mu duba tare.