Amaryar da Bikinta Ba Ya Watsewa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan da ake shirin aurar da yarinya ya san amarya yin ta ake yi. Tun saura mako biyu ake killace ta a ɗaki. Mai gyaran jiki ta zo da dilka da halawa da kurkum, a murje ta, a turara ta har ƙamshi ya kama fata. Mai lalle ta yi nata, mai kitso ta yi nata. Ranar kamu kuwa sai mai kwalliya ta shafe awa biyu a kan fuska ɗaya. Sarƙar gwal ɗin da ke wuyanta ta gwaggo ce, aro aka yi. Mai hoto ya ɗauki ɗari, ya zaɓi goma. Duk da haka ba wanda ke cewa an yi ha'inci, don mun san yarinyar. Kwanan baya muka gan ta da zanin gida tana wanke-wanke a bakin rijiya, kuma in an kwana bakwai za mu same ta a gidanta tana fama da hayaƙin murhu.

Haka ake yin tauraron fim ko na waƙa. Bambancin kawai, shi bikinsa ba ya watsewa, mu kuma ba a barin mu mu leƙa tsakar gidansa.

Mu ɗauki jarumin finafinan Indiya Dilip Kumar, wanda iyayenmu masu zuwa silima suka sani sarai. Sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan, an haife shi a Peshawar a 1922, mahaifinsa mai fataucin kayan marmari ne. Devika Rani, wadda a lokacin take riƙe da kamfanin Bombay Talkies, ita ta kawo shawarar ya sauya suna kafin fim ɗinsa na farko ya fito a 1944. Muryar da ke sa mutane hawaye in ya buɗe baki yana waƙa ma ta aro ce, kamar sarƙar gwaggo: irin su Mohammed Rafi da Talat Mahmood ne ke rerawa. Mu ma a Kannywood haka abin yake, mawaƙi na sutudiyo, jarumi na motsa leɓe. A Amurka kuwa, wata yarinya mai suna Norma Jeane, da ta tashi a hannun 'yan riƙo da gidan marayu, aka rine mata gashi, aka raɗa mata Marilyn Monroe a 1946. Duniya ta ɗauke ta a matsayin macen da ta gama samun komai. Ta mutu a 1962 tana da shekara 36.

Yanzu aikin ya ƙara sauƙi. Abin da mai dilka ke yi a mako biyu, waya na yin sa da taɓawa ɗaya: ta goge ƙuraje, ta haska fata, ta rage ƙugu. Leshin da jaruma ta saka, sau da yawa mai shago ne ya bayar don talla. Gyaran hoto kuwa har ta kai a Faransa, tun 2017, doka ta tilasta a rubuta a jikin hoton talla cewa an gyara shi, muddin an taɓa siffar jikin mai tallar da kwamfuta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yarinyar da ke farkawa da asuba, ta duba Instagram kafin ta duba madubi. Fuskar barcinta take aunawa da fuskar ranar kamun wata, kuma kullum ita ce a ƙasa. Daga nan sai neman man bilicin, sai raina kayan da uba ya ɗinka da guminsa. Saurayi ma bai tsira ba, yana ganin sa'ansa jingine da motar da ƙila ta mintin hoto ce, sai sana'ar hannunsa ta fita daga ransa. Da a ce amaryar unguwa ce, da wata inna ta ce mata, "Ke, kwantar da hankalinki, ranarki na zuwa, ke ma haka za a yi miki." A waya babu innar da za ta faɗi haka.

Su ma taurarin abin tausayi ne. Amarya takan ƙosa a watse ta cire gwaggwaro ta sha iska, su kuwa ba dama. Dilip Kumar ya yi ta fitowa a matsayin mai baƙin ciki har abin ya taɓa shi da gaske, sai da likitan ƙwaƙwalwa ya ba shi shawarar ya riƙa karɓar finafinai masu raha. In kuma tauraro ya yi tuntuɓe irin na kowane ɗan Adam, masoyan da suka ɗaga shi sama su ne kan gaba wajen jifa, don sun ɗauka kwalliyar ce halittarsa.

Ban ce a daina son su ba. Gwani ya cancanci yabo a kan aikinsa, kamar yadda ake guɗa in amarya ta fito. Roƙona ga iyaye da yayye ne: in kun ga 'yarku ko ƙanwarku ta ƙura wa hoton wata jaruma ido ta yi shiru, ku zauna kusa da ita, ku lissafa mata hannu nawa ne suka yi aiki a kan fuskar nan kafin ta iso wayarta.