Salsalar Gidan Washington a Ƙasar Bajiniya

Wannan labari ne na asalin gidan da ya haifi shugaban Amurka na farko, domin malamai masu kiyaye nasaba da fatake masu neman arziki su duba.

Tushen gidan a Ingila yake. Akwai wani limamin coci, sunansa Lawrence Washington, wanda aka tuɓe shi a shekarar 1643 saboda ya goyi bayan sarki a lokacin basasa. Ya mutu cikin talauci. Ɗansa John ya kama fataucin taba a jirgin ruwa zuwa Bajiniya, wadda take ƙarƙashin Ingilishi a gaɓar Amurka. A shekarar 1657 jirgin ya kafe a kogin Fotomak. John bai koma gida ba. Wani attajiri, Nathaniel Pope, ya sauke shi, ya ba shi 'yarsa Anne da gona eka 700. Baƙo ya zama ɗan gari.

John ya haifi Lawrence, mai sunan kakansa. Lawrence ya haifi Augustine. Augustine ya haifi George a shekarar 1732. Shi ne ya ja rundunar da ta fid da Amurka daga hannun Ingilishi, aka naɗa shi shugaba a 1789. Ya rasu a 1799, bai bar ɗa ko ɗaya ba.

Amma fa akwai waɗanda salsalar ba ta ambata ba. Ƙasar da aka yi ta yanka wa gidan, asalinta ta Indiyawan wurin ce. A shekarar 1675 John yana cikin shugabannin yaƙin da aka kai wa wata ƙabilarsu, inda aka kashe manyansu da suka fito neman sulhu. Suka yi masa laƙabi mai ma'anar mahalakin gari, daga baya laƙabin ya bi George. Gonakin kuwa bayi 'yan asalin Afirka ne suka nome su. A shekarar da George ya rasu, bayi 317 ne a gandunsa, 123 nasa ne na kansa, kuma ya bar wasiyya a 'yanta waɗannan.

To, mai karatu, iyayen gida an san su uba da kaka har Ingila. Bayin kuwa, galibinsu sunan yanka kaɗai aka rubuta cikin littafin dukiya, ba sunan uba. Wanda duk zai karanta nasabar babban gida, sai ya tambayi wa ya riƙe alƙalami, wa kuma ya riƙe fartanya.