Kuɗin Gwamnati da Itacen Gonar Talaka a Arewa

A Lugu, garin Sarauniya Mangu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, akwai kurmin da ba a sa masa gatari. Ba albashi ke tsaronsa ba, tsoron haramcin gargajiya ne. Gonakin da ke kewaye, daga Dogon Dutsi har Tibiri, ba su da wannan kariya, kuma a kansu ne gwamnati da masu ba da tallafi suka daɗe suna zuba kuɗi don manomi ya bar gawo da kalgo da sabara su tashi a gonarsa.

Dokar daji ta 1974 ta sa itatuwa masu daraja ƙarƙashin ikon hukuma ko da a gonar gado suke. Manomi ya ga tsiron gawo, sai ya tuge shi tun yana ƙarami, gudun tarar ma'aikatan gandun daji. Fari ya zo ya ƙarasa sauran.

Lokacin yunwar 1984, a jihar Maradi, shirin wani mai suna Tony Rinaudo ya riƙa ba da abinci ga duk wanda ya bar kututture ya yi toho. Da abincin ya ƙare, aka sare mafi yawan itatuwan. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga hatsi ya fi kyau a gindin gawo, ga itacen girki, ga abincin dabbobi da rani. Maƙwabta suka kwaikwaya ba tare da an biya su ko dala ba. Wannan salo da ake kira sassaben zamani ya kai wajen hekta miliyan 5 a Nijar.

A ganina, aikin kuɗi shi ne ya sa mutum ya gwada; abin da ke riƙe itace a tsaye kuwa tabbacin mallaka ne. Dokar daji ta 2004 ta sassauta, sannan wata doka ta 2020 ta amince cewa itacen da manomi ya raina nasa ne. Sai dai ba kowa ya ci riba ba: makiyayi da ya saba sassare reshe, da matar da ke tsintar itace a gonar kowa, yanzu sai da izini. Mai gonar aro ma ba ya ɗokin rainon itace, don mai ƙasa na iya ɗauka shirin ƙwace ne. Ga shi tun juyin mulkin Yulin 2023 tallafin Turai ya ja baya, kuma rabon irin wannan gardama ya rage ga hakimai da kwamitocin ƙasa na ƙauyuka.